Inda Muryar Iya Take Sauka

A ƙaramin gidan rediyon da nake aiki a Sokode, gyaran murya ne aikina. Ba na magana a iska, ba na zaɓen waƙa. Ni ce dai wadda ake jibge wa duk abin da aka ɗauko, in zauna gaban kwamfuta in daidaita shi kafin ya shiga kunnen jama'a. Mai sanarwar suna ya zo ya yi ta kamar yana kiran shanu, mai sanarwar rasuwa ya yi tasa can cikin maƙoshi, malami ya fara wa'azi a hankali ya ƙare da tsawa. Dukansu sai sun bi ta hannuna sun fito kai ɗaya. Aikin ya bi jikina har ya zame mini ciwo. Ko a gidan biki nake, in wata ta yi magana ƙasa-ƙasa sai in ji yatsana yana motsi, yana neman inda zai ɗaga ta.

Wanda ya koya mini aikin shi ne shugaban gidan, wani dattijo ɗan ƙabilar Kotokoli mai sanyin hali, wanda Hausarsa ba ta san da zaman mace a duniya ba. Kowa "shi" ne a bakinsa, har matarsa. Shi ya nuna mini cewa hanya biyu ake ƙara murya a manhajar da muke aiki da ita. Ta farko, ka zaɓi wurin da ya yi ƙasa, ka ƙara masa ƙarfi, ka adana. Shi ke nan ƙarin ya shige cikin muryar kamar gishiri a miya, ba mai fito da shi. Gobe in ka dawo ka manta inda ka taɓa, sai ka yi ƙari a kan ƙari. Ta biyu kuwa, akwai wani siririn layi da yake ratsa hoton muryar daga farko har ƙarshe. Sai ka ɗiga masa ɗigo, ka ja shi sama inda kake son ƙari, ka ja shi ƙasa inda kake son ragi. Muryar asali tana nan ba a taɓa ta ba, layin kuma yana riƙe da duk abin da ka yi, tudu da kwari, ido yana gani.

"Kada ka zuba gishiri," haka yake ce mini kullum. "Bar ɗigonka a fili. Ran da mai murya ya zo ya ce ba haka ya faɗa ba, ka san inda za ka koma."

Ni dai a raina tsirfa ce ta tsofaffi, don ban taɓa ganin wanda ya dawo neman tsohuwar muryarsa ba. Na bi maganarsa ne kawai saboda ba na son dogon wa'azi da safe.

Babana tela ne, shagonsa yana bayan babbar kasuwa. A zangon Dapaong aka haife shi, shi ne ɗan fari a wurin kakata, wadda dukanmu muke kira Iya. Bai daɗe da yaye ba yayar mahaifinsa ta ɗauke shi ta taho da shi Sokode, nan ya girma, nan ya yi aure. Iya kuwa tana can Dapaong tare da autanta, Baba Ƙarami, mahauci, wanda yake sayo shanu a Gando. Iya ta yi shekaru tana sayar da kayan miya a kasuwa, kuma ko da ta bar kasuwar ba ta bar muryar a can ba. In ta ƙwala wa jika kira a tsakar gida, har jikokin maƙwabta amsawa suke yi.

Duk Juma'a Baba Ƙarami yakan bugo waya ya miƙa mata. Ba sai an sa wayar a kunne ba. Ta tambayi mamata, ta tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ta tsokane ni, ta tambayi akuyar da ta ba mu ko ta haihu. Sai a miƙa wa Baba. Ya gaishe ta, ta amsa a gajarce, sannan ta ce, "Doya ta fito a wajenku?" Ya ce ta fito, ko ya ce da saura. Ta ce, "To, madalla," ta mayar wa Baba Ƙarami wayarsa.

Baba ya san kunyar ɗan fari, ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Ni ma 'yar farinsa ce, kuma ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, daga "ke" sai "'yar rediyo". Amma yakan ce ita kunya ai tana da iyaka, ko maƙwabci ana tambayarsa ya jiki. Wani lokacin in ya ajiye wayar sai ya ce, "Ran da na mutu, a aika wa Iya cewa doya ta yi kyau bana." Mu yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta daɗewa.

A shekarar da nake ba da labari ƙafafun Iya suka fara kumbura, aka yi ta kai ta asibiti ana dawowa. Baba Ƙarami ya yi ta cewa yayan nasa ya zo ya duba ta. Baba ya ce sai ya gama ɗinkin Sallah. Sallah ta wuce, ya ce sai ruwa ya ɗauke. Da mamata ta matsa masa sai ya ce, "Ga autanta nan a gefenta. Ni in na je me zan ƙara, labarin doya?" Tsoro ya kama ni ƙwarai. Ina tsoron kada wata Juma'a wayar ta zo ba da tambayar doya ba, Baba kuma ya ƙare sauran rayuwarsa yana ganin uwarsa ba ta taɓa kewarsa ba.

Ana cikin haka gidan rediyonmu ya shirya wani shiri kan tsofaffin zango da hanyoyin fatake na da. Da aka tambayi wa ya san tsohuwa mai baki, ban bari kowa ya rigaye ni ba. Na ɗauki na'urar ɗaukar murya na hau motar arewa, muka bi ta Kara da Mango, na sauka Dapaong ƙuguna kamar ba nawa ba.

Na tarar da Iya a kan tabarma, an ɗora mata ƙafafu a kan matashi. Tun daga zaure ta hango ni.

"Ga 'yar rediyo! An ce ke ce mai ƙara wa mutane baki. To ni nawa ya ishe ni, ki kai wa mabukata."

Na ce, "Iya, ke ai ragi na zo yi miki, don kada ki fasa mana kayan aiki."

"Kayan aikin da murya take fasawa ai ba kaya ba ne. Kawo mikron naki in gani. Wannan ɗan abin? Ludayina ya fi shi."

Da gaske nake batun ragin. Na san muryarta, don haka na ajiye na'urar nesa da bakinta, na kuma rage ƙarfin ɗaukarta sosai. Iya ta gyara zama ta fara. Ta kawo labarin kakanninta da jakunansu, yadda suke sauko da kanwa su koma da goro, da yadda ɗaya daga cikinsu ya tsaya jinyar jaki a wannan garin har ya yi aure bai tafi ba. Ta kawo labarin kasuwa, da yadda ta koyi yaren Moba a wurin ciniki, ta fara da zagi kafin gaisuwa. Ta yabi autanta har Baba Ƙarami ya tashi ya bar wurin. Ga kaji suna ta kai da kawo a tsakaninmu, ga injin niƙa a bayan katanga. Lokaci-lokaci sai in ga alamar na'urar ta faɗi ƙasa, bakin Iya yana motsi amma ba na jin komai sai injin. Na ɗauka gajiya ce.

"Iya, ɗaga murya kaɗan."

"Ke dai ɗauki abin da aka ba ki," ta ce, ta koma kan jakuna da ƙarfinta.

Da na dawo Sokode na buɗe aikin da safe, sai na ga abin da na jawo wa kaina. Hoton muryar ya yi tsiri-tsiri kamar zai fasa allon, sai kuma ya tsuke ya koma zare, sai ya sake tashi. Na yi tsaki, na sa abin ji a kunne, na fara ɗiga ɗigo. Wuri na farko da ya tsuke na ja layin sama, na ƙara ja, har kalmomi suka fara fitowa daga ƙarƙashin kukan kaji. "Wancan na Sokode," na ji ta ce, "a shekarar da aka haife shi ne aka yi ruwa mai yawa." Ban kawo komai a raina ba, na wuce. Hankalina yana kan daidaitawa, ba kan magana ba, haka aikin yake mai da mutum.

Sai wajen azahar na janyo hoton duka ya dawo allo ɗaya, don in ga inda na tsaya. Layin ya yi tuddai nan da can, wasu gajeru, wasu masu faɗi. Na koma na bi su ɗaya bayan ɗaya don in tabbata ban yi wa wani ƙari fiye da wani ba, kuma a wannan karon na saurara. Babu tudu ko ɗaya da ba maganar Baba ba ce a ƙarƙashinsa. Jakuna, goro, kasuwa, auta, duk a fili suke, wasu ma ragi na yi musu. Da ta iso kan ɗan farinta sai muryar ta durƙusa.

A ƙarƙashin wani tudu tana cewa, "Ran da aka tafi da shi na ce zan je sayen itace. Na bi motar har ƙarshen gari. Na dawo ba itace. Surukata ta dube ni, ta dubi kaina, ba ta ce komai ba, Allah Ya ji ƙanta."

A ƙarƙashin mafi faɗinsu kuwa ga abin da ta ce: "Direbobin Sokode in sun sauka a tasha, ina ni ina tambayar yaro? Da wane bakin? Sai in je in tsaya in ce, doya ta fito a wajenku? Su kuma 'yan duniya sun gane. Wani ya ce ta fito, ta yi ƙiba. Wani ya ce doyar taki ta yi zazzaɓi amma ta warke. Wata rana wani ya ce, ai har an sa ta lekol, makarantar boko." Ta yi wata 'yar dariya wadda ban san tana da irinta ba. "Ni ina ruwana da doya? Tuwon dawa na sani."

Na cire abin jin na ajiye, na kasa ci gaba. Dariya ta zo mini, kuka ya biyo ta, na rasa wanda zan fara. Shugaban gidan ya shigo neman wani abu, ya gan ni, ya ɗauki abin jin ya saurara a tsaye.

"Kakanka shi ya ɓoye magana ƙarƙashin kaji," ya ce da ya gama. "Wannan ba na rediyo ba ne. Yanke wa rediyo jakuna. Sauran ka san mai shi."

Na yi wa rediyo nasu, na ware cikakken don Baba. Da yake ƙarar keken ɗinki ta ɗan taɓa masa kunne, sai na ƙara jan tuddan sama har suka yi kai ɗaya da sauran maganar, yadda ko kurma zai ji. Na dubi aikin na yaba wa kaina. Bayan la'asar na ari ƙaramar kwamfutar ofis na nufi shago.

Na same shi yana taka keke, zare a baki. Na ce na kawo masa muryar Iya. Ya ce, "Ai tun daga Dapaong muna jiyo ta," amma ya bar ni na kunna. Na tsallake jakuna na kai shi kan maganar itace. Muryar Iya ta cika shagon, tana ba da labarin bin mota da irin ƙarfin da take kiran jika. A bayanta kaji sun koma kamar shanu, injin niƙa kamar a cikin shagon yake, ga wani shuuu da ya taso tare da su, don duk abin da ka ɗaga, da tarkacensa yake tashi. Baba ya daina taka keken. Ya saurara har aka zo kan lekol. Ina ta kallon fuskarsa ina jiran ta saki, sai na ga ta ƙara ɗaurewa.

"Kashe," ya ce. "Wannan ba Iya ba ce."

"Baba, ni na ɗauko da hannuna."

"Na ji ana yi. Yanzu kuna sa inji ya faɗi abin da mutum bai faɗa ba, da muryarsa. Iya ce za ta zauna ta yi shelar wannan kamar mai tallan maganin basir? Ke da uwarki kuka haɗa don in hau mota. Ba sai kun yi mini ƙarya da bakin uwata ba."

Raina ya ɓaci sosai. Na yi doguwar tafiya, na wuni ina tono masa kalmomi daga bakin kaji, ladan da zan samu ke nan? Har na kai hannu zan rufe kwamfutar, sai idona ya faɗa kan layin, yana nan da tuddansa yadda na bar shi. Na juya allon ya fuskance shi.

"Baba, ka ga wannan layin? Duk inda ya hau, ni na hau da shi. Ban ƙara mata kalma ko ɗaya ba, ƙarfi kawai na ƙara. Kuma ban haɗe shi da muryar ba, a sama yake, ana iya cirewa."

Ya sauke tabarau kan hanci ya leƙa. Ya daɗe yana bin ɗigon da ido, irin kallon da yake yi wa rigar da wani telan ya ɗinka.

"Wato ɗinkin wucin gadi ne," ya ce. "To warware mu ga yadin."

Na bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya ina sauke su. Da gishiri na zuba, da ba ni da abin da zan nuna masa sai rantsuwa, Baba kuwa ya sha rantsuwar masu karɓar ɗinki har ta daina yi masa tasiri. Layin ya miƙe sambal. Na koma baya kaɗan na kunna. Iya ta fito da ƙarfinta tana yabon auta, har gwangwanin maɓallai yana rawa a kan tebur. Sai muryar ta faɗi, kamar an rufe ƙofa a kanta.

Baba ya tashi ya kashe fanka. Ya je ya turo ƙyauren shagon, abin da ba ya yi sai lokacin sallah. Na miƙa masa abin ji, ya ture hannuna. Ya janyo kujerarsa, ya ture hularsa gefe, ya kwantar da kunnensa a kan kwamfutar. Ni daga inda nake ba na jin komai sai kaji, sai dai na san inda aka kai ta wurin kallon bayansa.

"Sake," ya ce. Na sake.

"Wurin direbobin." Na mayar da shi wurin direbobin.

Da ya ɗago bai dube ni ba. Ya ɗauki wani ƙyalle yana ta ninkewa yana warwarewa. "Haka take yi," ya ce. "In na je hutu ina yaro, in za ta ce a miƙo mini abinci, haka muryarta take komawa. Ni na ɗauka ba ta so ne a ji ta ba ni." Ya ƙara wata magana bayan wannan, amma tasa muryar ma ta sauka, ban kama ba. Yatsana ya motsa, na danne shi da ɗaya hannun.

Washegari da sassafe ya tashe ni, ya ce in zo in riƙe masa kaya. Muka shiga kasuwa layin 'yan doya. Mutumin da a rayuwarsa bai taɓa sayo cefane ba ya tsaya yana ƙwanƙwasa doya yana sa kunne, yana mayar da wannan, yana cewa waccan ta cika rama. Matan layin suka yi ta yi masa dariya da yaren Kotokoli, shi ko a jikinsa. A mota ya hana a ɗora buhun a sama, ya sa shi tsakanin ƙafafunsa har Dapaong. Bai yi magana ba a hanya sai sau ɗaya, da muka wuce Mango, ya ce ashe an gyara gadar.

Iya tana nan a kan tabarmarta, ƙafafun sun ƙara nauyi. Tana ganina ta ɗaga murya.

"'Yar rediyo ta dawo! Me kika manta? Ko mikron ne bai ƙoshi ba? Ina uwarki? Akuyar fa? Kai mai babur, shigo ka sha ruwa mana, gidan nan ba a cizo!"

Ta gaisa da kowa har da mai babur ɗin da ya kawo mu daga tasha. Baba kuwa, da yake tsaye a tsakiyar gidan da buhu a hannu, ko inda yake ba ta duba ba. Baba Ƙarami ya fito da gudu zai karɓi buhun, Baba ya hana shi. Ya cire takalmi, ya matsa ya durƙusa a bakin tabarmar, ya kwance buhun, ya fito da doyar ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a gabanta. Kaji suna ta kai da kawo a gefe.

Iya ta miƙa hannu ta janyo guda ɗaya. Ta juya ta, ta kakkaɓe mata ƙasa, ta yi ta shafa ta da tafin hannu, idonta a kanta. Na'urar tana cikin jakata, ban taɓa zip ɗin ba. Na dai matsa kusa yadda kunnena zai iya kamawa.

"Doyar ta yi furfura," ta ce.

Baba ya sunkuyar da kai ya ba ta amsa. Wani zakara ya zaɓi wannan lokacin ya yi cara a bayana, ban ji abin da ya ce ba. Iya dai ta ji, don ba ta saki doyar ba.